Agwagwar Roba Mai Juya Fiffike Ta Iso Bakin Shuɗin Nilu: Kira Ga Maharbanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da 'yan'uwana maharba, na nan Sudan da na ƙasar Hausa inda kakanninmu suka fito, a kan wani kayan farauta da ya fara shiga hannun samarinmu a garuruwan bakin Shuɗin Nilu, wato agwagwar roba mai juya fiffike da batir. Ni ba na cikin masu ƙyamar farauta, domin a gidan maharba na tashi, kuma naman agwagwar ruwa ya sha rufa wa gidanmu asiri a shekarun da hatsi ya yi ƙaranci. Abin da ya dame ni shi ne, wannan na'ura ta zo mana ita kaɗai, ta baro dukan dokokin da aka ɗaure ta da su a ƙasar da aka ƙirƙire ta, kuma idan ba mu kafa mata namu ka'idojin ba tun da wuri, fadamunmu ne za su ji a jikinsu.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, siffar agwagwa ce aka yi da roba, girmanta daidai da na agwagwar gaske, ana soke ta a kan sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ruwa marar zurfi, ta ɗago sama da fuskar ruwan kamar kamu biyu. A cikinta akwai ɗan inji da batir, injin kuma yana juya wani siririn ƙarfe da ya ratsa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa, wanda aka maƙala wa fikafikai biyu, kowanne fuskarsa ɗaya fara, ɗaya baƙa. Da an kunna ta, fari da baƙin nan sai su riƙa walƙiya bi da bi, har tsuntsun da ke can ƙololuwar sama ya ɗauka ɗan'uwansa ne yake dukan iska zai sauka, saboda ƙarƙashin fiffiken yawancin agwagin ruwa fari-fari ne, kuma haka yake ƙyalli a lokacin saukarsu. Agwagwa kuwa tsuntsuwar garke ce, duk inda ta ga 'yar'uwarta ta sauka, nan take zaton akwai abinci kuma babu haɗari. An fara ƙera wannan na'ura a jihar Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1990, cikin ɗan lokaci ta cika kasuwa da sunaye irin su Mojo, yanzu kuma akwai masu rimot, waɗanda maharbi zai kunna ya kashe daga maɓoyarsa ba tare da ya motsa ba. Tana da dangi da yawa: akwai mai iyo tana kewayawa, akwai mai karkaɗa jiki tana tayar da igiyar ruwa, akwai wadda iska ce kawai ke juya fikafikanta. Amma mai batir ɗin nan ita ce abin magana.

Kada wani ya zaci ina cewa yaudarar dabba baƙon abu ne a wurinmu. A wani kogo da ake kira Lovelock a jihar Nebada ta Amurka an tono agwagin yaudara da aka saƙa da ciyawar fadama aka lulluɓe da gashin tsuntsu, a shekarar 1924, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsu sun kai kusan 2,000. Mu ma muna da namu, wanda a ganina ya fi kowanne hikima, wato burtu. Duk wanda ya tashi cikin maharban Hausa ya san yadda ake sassaƙa wuyan burtu, a rufe shi da fata, a sa masa baki, maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, tamkar burtu yana kiwo, har ya kai inda kibiyarsa ko bindigarsa za ta cim ma nama. Asirin burtu gaba ɗaya a motsi yake, domin da maharbi zai tsaya cik, da dabbar ta gane shi. Ashe kakanninmu sun riga masana'antun Amurka sanin cewa motsi ne ke kwantar wa dabba da hankali. Sai dai burtu yana da iyakar da ya zo da ita: gwiwa tana gajiya, ƙaya tana suka, rana tana ƙuna, kuma sai wanda ya daɗe yana bin ubansa daji yake iya shi. Wahalar da ke cikinsa ita ce ke taƙaita yawan abin da mutum ɗaya zai kashe a yini. Na'urar batir ta ɗauke wannan wahalar ɗungurungum, ba ta kuma kawo wani abu da zai maye gurbinta ba.

A hunturun da ya wuce na ga aikinta da idona, a wata fadama cikin kurmin gabaruwa kudu da garinmu, irin wadda ruwan ambaliya ke cikawa ya kwanta a cikinta har tsakiyar rani. Na je duba koma bayan sallar asuba, sai na tarar da wasu samari biyu na unguwarmu sun riga ni, sun kafa agwagwar a tsakiyar bado, sun ɓuya cikin ciyawa. Yayansu ne da ke aiki a Jidda ya aiko musu da ita bayan sun gan ta a bidiyon waya. Rana na fara ɗagowa wani garke na ƙananan agwagi ya bi ta kanmu can sama, har ya wuce, ya kama hanyar kogi. Yaron ya danna rimot. Sai na ga garken nan ya karyo kwana gaba ɗayansa, suka naɗe fikafikai, suka miƙo ƙafafu, suka zubo kai tsaye kan na'urar, kusa ƙwarai har ina jin shuuu ɗin iskar fikafikansu. Aka yi harbi, wasu suka faɗi, sauran suka tashi a firgice. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, ba su gudu ba. Sun yi kewaye ɗaya suka sake dawowa kan walƙiyar nan, aka sake harbinsu. Tun ina yaro nake ganin harbin agwagi, ban taɓa ganin garken da aka harba ya komo wa bindiga da kansa ba. Kafin hantsi buhunsu ya cika, ban da waɗanda suka ji rauni suka kutsa cikin ciyawa ba a same su ba. Gidansu ba zai iya cinye wannan nama ba, ga babu wutar lantarkin da za a adana shi, saboda haka aka sayar da wasu a arha, aka rabar da wasu, wasu kuma suka lalace. Yaran nan 'ya'yan mutunci ne, sun gaishe ni da ladabi har suka ba ni biyu in kai gida. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai iyaka.

Abin da na gani ba sabon labari ba ne ga masana. A jihar Minesota an yi gwaji a lokacin farautar 2002, ana kunna na'urar na ɗan lokaci ana kashe ta na lokaci daidai da shi, aka samu cewa agwagin da ake kashewa tana kunne sun ninka na lokacin da take kashe fiye da sau huɗu, kuma waɗanda aka ƙyanƙyashe a shekarar, waɗanda ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba, su ne suka fi faɗawa. Wani binciken da aka wallafa a 2006, wanda ya tattara gwaje-gwaje daga wurare daban-daban na Arewacin Amurka, ya samu ninki 2.4. Domin adalci zan faɗi abin da masu goyon bayanta ke kafa hujja da shi, kuma hujja ce mai ƙarfi: tun da tsuntsu yana matsowa kusa, harbi ya fi samunsa sosai, waɗanda ke tsira da rauni su mutu a banza suna raguwa, kuma wani bincike a lardin Manitoba na Kanada ya nuna haka. Maharban can sun kuma lura cewa tasirinta yana raguwa a ranar gajimare, kuma tsofaffin agwagi suna koyon gudunta idan lokacin farauta ya yi nisa. Na yarda da wannan duka. Amma wanda ya koya shi ne wanda ya tsira, kuma a wurin da babu iyakar adadi, kaɗan ne ke tsira su koya.

A nan ne nake son mai karatu ya dakata ya duba yadda Amurkawa suka kewaye wannan farauta da shinge. Sun taɓa kusan ƙarar da agwaginsu saboda masu harbi domin kasuwa, shi ya sa dokarsu ta 1918 ta hana sayar da tsuntsayen daji masu ƙaura. A 1934 suka ƙirƙiro wani kan sarki na musamman wanda dole maharbin agwagi ya saya kowace shekara. Kuɗinsa yanzu dala 25 ne, kuma kashi 98 cikin 100 na abin da aka tara yana tafiya ne wajen saye da kare fadamu. A 1935 suka haramta ɗaure agwagwa mai rai domin ta kira 'yan'uwanta, suka haramta zuba hatsi a jawo tsuntsu, suka kuma hana bindigar da ke ɗaukar harsashi fiye da 3. Tun 1955 suke tashi da jiragen sama kusan kowace shekara, su da Kanada, suna ƙidayar agwagi a wuraren da suke ƙyanƙyasa, kuma da sakamakon ƙidayar ake yanke tsawon lokacin farauta. A jihohin kwarin kogin Misisipi, ko a shekarar yalwa, kwana 60 ne kacal, kuma mutum ba zai wuce agwagi 6 a rana ba. Duk da wannan shinge, da na'urar ta fito ba su sake mata ba. Kalifoniya, inda aka haife ta, ta hana amfani da mai batir daga farkon lokacin farauta har zuwa 1 ga Disamba, domin a ba ƙananan agwagi dama su yi wayo. Jihohin Washinton da Oregon sun haramta mai batir ɗin baki ɗaya. Arkansas, wadda ta yi suna a harbin agwagi, ta haramta ta a faɗin jihar a 2005, ta ɗage haramcin bayan 'yan shekaru, har yau kuma maharbanta suna gardama a kai. Idan mutanen da ke da ƙidaya da lasisi da jami'an tsaro a kowace fadama suka ji tsoronta haka, mu fa?

Ba wai ba mu da doka a rubuce ba ne. Sudan tana da dokar kare namun daji da gandun daji ta 1986, tana da gandun Dindir da aka kafa tun 1935, wanda aka sa cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Tana kuma cikin yarjejeniyar AEWA ta 1995 mai kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, kamar yadda Najeriya da Nijar suke ciki. Wannan yarjejeniya ta lissafa hanyoyin kamun da ya kamata ƙasashe su hana, cikinsu akwai rikoda da sauran na'urorin lantarki, da fitila, da madubi da duk abin da ke ɗauke ido, da guba; a fahimtata agwagwar batir ba ta da mafita daga wannan jeri, balle ƙaramar lasifikar nan mai kukan tsuntsaye da ake haɗawa da ita. Amma kowa ya san halin da ƙasar nan ta shiga tun 15 ga Afrilun 2023. Yaƙi ya taɓa Madani, ya taɓa Sinja, ya raba mutane da gonakinsu, ya watsa bindigogi cikin ƙauyuka, kuma ba yau ba ne za a samu jami'in da zai tsaya bakin kowace fadama yana ƙirga abin da ke cikin buhun maharbi. Saboda haka maganar ta dawo kanmu.

Ya kamata kuma mu san tsuntsayen wa muke harbi. Dinya da kirinjijiya 'yan gida ne, a nan suke ƙwai da damina, kuma duk uwar da aka kashe a watan Agusta ta tafi da 'ya'yanta gaba ɗaya. Amma ƙananan agwagin da ke cika fadamu da hunturu baƙi ne. Ƙaramar nan da Turawa ke kira gargani, wadda namijinta ke fitar da farin layi a kan ido idan bazara ta gabato, a Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, ta ƙetaro Bahar Rum da hamada ta iso mana da kaka, ta koma wajen Maris ko Afrilu. Haka agwagwa mai doguwar wutsiya mai tsini, haka mai faffaɗan baki. Danginsu ne ke sauka a Tafkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da ambaliyar Kwara a ƙasar Mali. Mu da ke zaune daga Sinnar zuwa Damazin, da 'yan'uwanmu masunta na Kosti da Jabal Auliya a Farin Nilu, da mutanen Nguru, duk masaukin baƙi ɗaya muke tsaro. Zuriyar da ta biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 ta sami wurin zama a bakin kogin nan, ita ce ta fi cancanta ta san haƙƙin wanda ya yi doguwar tafiya ya sauka a gajiye.

Na san abin da wani zai ce: malam, mutane na cikin yunwa kana maganar tsuntsaye. Wallahi ban raina yunwa ba, kuma ba zan taɓa ce wa magidancin da ya rasa abin sa wa a tukunya kada ya harbi agwagwa ba. Malamanmu sun karantar da mu a cikin Risala cewa farauta domin wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce, kuma Allah Ya gaya mana a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Amma a duba da kyau, ba mayunwacin ne ke da wannan na'ura ba. Mai ita shi ne wanda ke da ɗan'uwa a waje, da kuɗin harsashi, da abin cajin batir. Idan ya share fadama cikin mako guda, ko ya kori abin da ya rage da yawan harbi, talakan da ke fita da tsohuwar bindigarsa ya samo biyu ko uku domin iyalinsa shi ne zai koma gida hannu rabbana. Kare fadama kare abincin talaka ne.

Ga wanda yake son motsi a cikin agwaginsa na yaudara, akwai hanyar da ba ta buƙatar batir, wadda maharban Amurkan kansu suka daɗe suna amfani da ita kafin zuwan inji, kuma har yau ƙwararrunsu ba su bar ta ba. Matsalar da ake son magancewa ita ce ta safiyar da babu iska, lokacin da ruwa ke kwanciya lumui, agwagin roba su tsaya ƙiƙam, garken da ke sama ya gane babu rai a cikinsu. Sai a kafa turke a cikin ruwa, ko a jefa dutse mai nauyi, a ɗaura masa tsinken robar tayar keke, a ɗaura doguwar igiya a jikin robar, a jera agwagi uku ko huɗu a kan igiyar da 'yar tazara tsakaninsu, a jawo ƙarshenta zuwa maɓoya. Idan maharbi ya ja ya saki, robar za ta mayar da su, su yi gaba su yi baya kamar masu iyo, ruwan ya motsa, har sauran da ba a ɗaure ba su riƙa rausaya. Ba sai an sayo na waje ba. Ana iya gyara duma a shafa masa launi, ko a sassaƙa itacen ambaj mai sauƙin nauyi wanda masuntan Farin Nilu suka sani sarai. Sauran aikin kuma na ilimin maharbi ne. Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska, saboda haka da hunturu, da iskarmu ke busowa daga arewa, sai ya zauna ta arewacin ruwan iska na dukan bayansa, ya bar fili a tsakiyar agwaginsa inda baƙin za su sauka, ya rufe fuskarsa, ya daina jan igiya idan sun matso, kada kuma ya yi harbi sai sun shigo inda ya tabbata zai kayar. Wannan dabara tana shawo kan garken da ya riga ya yi niyyar sauka, amma ba ta fizgo wanda ke wucewa can sama, kuma hannu ɗaya ba ya jan igiya ya riƙe bindiga a lokaci guda. Tana ciyar da gida, ba ta share fadama.

Akwai wata ɓarnar da ke tafiya tare da yawan harbi, wadda ba a ganinta da ido, ita ce ta dalma. Kowane harsashi yana watsa ƙwayoyi masu yawa, kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su nutse cikin laka. Agwagwa tana tsince su a zaton tsakuwa ce, ƙundunta ya niƙa su, gubar ta shiga jininta, ta rame ta mutu a ɓoye, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Amurka ta hana harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai ta hana shi a fadamu daga Fabrairun 2023. Na'urar da ke sa a tsaya wuri ɗaya ana ta harbi kullum tana tara dalmar ne a daidai inda tsuntsaye ke kiwo, inda kuma shanunmu ke shan ruwa, yaranmu ke kamun kifi. Ko naman da aka kawo gida, ya kamata uwargida ta cire ƙwayoyin da naman da ke kewaye da raunin kafin ta dafa, musamman idan yara da masu juna biyu za su ci.

Roƙona na farko ga sarakunan baka da sarakunan ruwa da masu unguwanni ne, domin a garuruwanmu har yanzu maganarsu tana da nauyin da takardar hukuma ba ta da shi. Su tara maharba kafin kaka ta shigo, a yi yarjejeniya a gaban limami: a ajiye agwagwar batir da lasifikar kira, a bar harbin agwagi tun daga faɗuwar ruwan farko har 'ya'yan dinya da kirinjijiya su tashi, a sa adadin da mutum ba zai wuce ba a yini, a kuma ware fadama ɗaya a kowane yanki wadda ba a harbi a cikinta sam, domin tsuntsu ya sami inda zai huta bai bar yankin ba. Masunta sun san irin wannan tsari, tun da akwai ruwan da ba a shiga sai an buɗe shi. 'Yan'uwanmu na Makka da Madina da Jidda kuma, don Allah idan ƙane ya roƙi a aiko masa da wannan kaya, a tuna cewa a Saudiyyar kanta ba a farauta sai da lasisi ta manhajar Fitri da kuma lokacin da hukuma ta buɗe, kuma an hana na'urorin kiran tsuntsaye. Abin da ba za ka iya kunnawa a can ba, bai dace ka sa shi cikin kayan tsaraba ba. Ina kuma fatan masu karatu na Haɗeja da Nguru da Gashuwa da bakin Tafkin Chadi za su rubuto wa wannan jarida su gaya mana ko na'urar ta iso wurinsu, da matakin da maharbansu suka ɗauka, domin mu kai wa namu sarkin baka a zaman da muke shirin yi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Naka mai karatu,
daga Mai Wurno, Jihar Sinnar, Sudan.